Sarauniyar dare ta shekara uku a hannuna ko fure ɗaya babu, ina na kuskure?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu, dan Allah shawara nake nema. Akwai wata fulawa da maƙociyata ta yanko min reshe ɗaya lokacin da za su tashi daga unguwarmu, ta ce sunanta sarauniyar dare, wai cikin dare take buɗewa kafin gari ya waye ta yanƙwane shikenan. Yau shekara uku da 'yan watanni ina fama da ita a nan Kaduna ko alamar fure ban taɓa gani ba. Na sa ta a babban bokitin fenti na cika da jar ƙasa da takin shanu, tana tsakar gida inda rana take dukanta tun hantsi har la'asar, saboda ƙanin maigidana ya ce dangin kaktus ce, shukokin nan masu ƙaya na hamada, rana take so. Kullum da safe sai na ba ta ruwa. Yanzu ganyen ya fara yin ja-ja wasu kuma rawaya, bakinsu ya bushe kamar an babbaka, jiya kuma na taɓa gindin na ji ya yi laushi. Wlh hankalina ya tashi, don matar da ta ba ni ta rasu bara, ba na so abin nan ya mutu a hannuna.

Abba_Lambu: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙanta da rahama. Amma kafin a fara zubo miki shawara ki gaya mana wacce ce a ciki, don fulawa biyu ne masu sayarwa a bakin titi suke kira da wannan sunan. Akwai wadda take ƙaramar bishiya mai ganye sirara, furenta ƙanana a dunƙule, da magariba ƙamshi ya cika layi, wannan Cestrum nocturnum ce kuma ba ta da wahala ko kaɗan. Ɗayar ita ce mai faffaɗan jiki mai kauri. Turo hoto mu gani.

Maman_Ilham: Amin na gode Malam Abba. Kamarar wayata ta tsage hoton ba ya fita, amma mai faffaɗan ce, doguwa kamar bel, gefe-gefenta da lanƙwasa kamar an ɗan gutsuttsura, babu ƙaya ko ɗaya. Sannan wasu rassan zagayayyu ne kamar fensir, ɗaya ma ya fi ni tsawo sai da na ɗaure shi da ƙusa a bango.

Malam_Danladi_Jos: Toh ai kin gama bayani Hajiya, Epiphyllum oxypetalum ce, ina da tukunya shida nata a gida. Ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba dangin kaktus ce, amma ba irin na hamada ba. Asalinta dazukan kudancin Meksiko ne da Gwatemala da ƙasashen da ke kusa da su, daji mai ruwa da duhuwa, kuma a can ba a ƙasa take zama ba, a kan bishiya take, a cikin gwafar reshe inda busasshen ganye da ɓawo suka taru suka ruɓe. Ki yi tunanin wurin nan, rana ba ta samunta sai wadda ta ratso ta cikin ganye, in an yi ruwa ya jiƙa ta ya zube ƙasa nan take, saiwarta kullum tana shan iska. Yanzu ke kin ɗauke ta kin sa a ranar Kaduna tsirara, kin cusa saiwar a jar ƙasa mai riƙe ruwa kamar tuwo, kina ƙara ruwa kullum. Jan da kike gani ƙunar rana ce, laushin gindin kuma ruɓewa ce, abu biyu ne suka haɗu mata lokaci ɗaya. Wani abu kuma, wannan da kike kira ganye ba ganye ba ne, reshe ne ya baje, ita ba ta da ganye kwata-kwata. Daga cikin 'yan lungunan nan na gefe da kika ce kamar an gutsura, nan sabon reshe yake fitowa, nan kuma fure yake fitowa. Tambaya ɗaya, bokitin a huje yake ta ƙasa?

Maman_Ilham: Huji biyu na yi da ƙusa, ƙanana. Innalillahi ashe ni ce nake kashe ta da hannuna.

Malam_Danladi_Jos: Ba ki makara ba in sha Allah, tana da taurin rai. Yau ɗin nan ki ja ta inuwa ki daina ba ta ruwa tukuna.

sadiq_gwale: Malam Danladi in na fahimce ka kenan kamar kauci take? Ni da nake shirin ɗaura tawa a jikin mangwaron gidanmu, kar ta je ta shanye min shi, Baba ba zai yafe min ba

Dr_Hauwa_agric: A'a Sadiq ba ɗaya ba ne. Kauci yana huda reshe ya shiga cikin bishiyar yana tsotsar ruwanta, shi ya sa in ya yi yawa reshen yake mutuwa. Ita wannan zama kawai take yi a kai, masauki ta nema, abincinta daga ruɓaɓɓen ganye da ruwan sama take samu. Ka rataya tukunyar a reshen mangwaron, wurin ma ya fi ko'ina dacewa da ita, sai dai ka kula da nauyi don in ta girma tana da nauyi sosai. Ina so kuma na gyara wani abu da mutanenmu suke yawan haɗawa, ƙerana da tinya da ake shinge da su ba kaktus ba ne duk da kamar da suke yi, dangin Euphorbia ne, shi ya sa suke da farin ƙaro mai ƙona ido. Kaktus na gaskiya duk daga nahiyar Amurka suka fito, in ka cire guda ɗaya Rhipsalis baccifera da ake samu a dazukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. In ka yanki sarauniyar dare ba za ka ga farin ƙaro ba, ɗan ruwa ne mai yauƙi kawai.

Malam_Danladi_Jos: Haka ne Dakta, mu nan Filato kowa kaktus yake ce wa shingen ƙerana, ni ma sai da na girma na san bambancin.

UmmuAffan: Maman Ilham kar ki karaya dan Allah, tawa sai da ta shiga shekara ta huɗu. Bari na ba ki labarin ranar don ki san abin da kike jira. Farko wani ɗan ƙulli na gani a gefen reshe, bai kai ƙwayar shinkafa ba, na ɗauka sabon reshe ne, sai na ga yana tsawo yana yin ruwan hoda, wajen sati uku yana rataye yana kallon ƙasa, can sai wuyan ya lanƙwashe kan ya ɗago sama kamar ƙugiya. Ranar da zai buɗe tun la'asar na ga ya kumbura, waɗannan siraran na waje masu ja-ja sun fara saki. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma ni da yara da kakarsu, aka ɗauke wuta ma sai da tocilar waya muke haskawa, wajen ƙarfe tara bakin ya ɗan buɗe kaɗan, in ka zuba ido za ka ga yana ɗan motsi wlh kamar mai numfashi, sha ɗaya da rabi ya gama bajewa, fari tas, ya fi tafin hannuna faɗi, cikinsa wasu zarurruka masu ruwan ƙwai a kai da wani ɗaya dogo mai kai kamar tauraro. Ƙamshin kuwa har maƙota suka leƙo suna tambaya turaren me muka kunna. Kaka ba ta iya cewa komai ba sai subhanallah take ta maimaitawa. Da na fito sallar asuba ya riga ya sunkuya ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Dare ɗaya tak, amma har yau Affan yana tambayata yaushe za ta sake.

Zee_Bauchi: Allah sarki Ummu Affan kin sa ni ma ina so. A ina ake samun irin?

Issoufou_Damagaram: Salam jama'a. Ni kam na gwada sau biyu nan Damagaram, wani abokina direba ya kawo mini daga Kwatano, duka biyun zafin watan huɗu ya kashe su. Zafinmu yana wuce digiri 40, iskar ma kamar daga bakin murhu. Ina ganin abin nan ba na ƙasarmu ba ne, masu Jos da Kaduna ku ne da shi.

Hajiya_Rabi_Sakkwato: Issoufou ɗana kar ka ce haka, zafin Sakkwato ai bai bar naku a baya ba kuma tawa tana nan shekara biyar. Dabarar ita ce kar rana ta taɓa ta sam daga watan uku har ruwa ya sauka. Ƙarƙashin dogon yaro na ajiye ta gefen randa, tukunyar ƙasa ce na sa ta cikin wata babbar tukunya na cika tsakaninsu da yashi ina jiƙa yashin, saiwar sai ta zauna da sanyi. Da yamma in fesa ma jikinta ruwa da ɗan abin feshin nan na masu aski. Ba ta yi mini fure kowace shekara, gaskiya, sau biyu ta yi a shekara biyar ɗin, duka cikin damina, amma dai tana raye. Roba baƙa ce take kashe muku ita, tana ɗaukar zafi ta dafa saiwar.

Issoufou_Damagaram: Wallahi Hajiya a baƙar roba suke duka biyun. Na gode, zan sake gwadawa in damina ta faɗi.

Bash_07: Ni dai abin da na ji shi ne wannan fulawar tana jawo macizai, ƙamshin suke bi. Wani maƙocinmu sai da ya sare tasa bayan an kashe kububuwa a gindinta. Mai yara a gida ya yi hattara.

Abba_Lambu: Bash wadda maƙocinku ya sare ina da tabbacin waccan ce mai ƙananan fure da na ambata a sama, ita ake yi wa wannan maganar. Kuma ita ma ba ƙamshin ba ne, duhuwa take yi a ƙasa ga danshi ga kwaɗi da ɓeraye suna fakewa, maciji abincinsa yake bi da wurin ɓuya. Wadda muke magana a kai dare ɗaya ko biyu take ƙamshi a shekara kuma a tukunya take.

Bash_07: Toh ni dai na faɗi abin da na gani, kububuwar da idona na ganta

Dr_Hauwa_agric: Ba wanda ya ƙaryata ka Bash, an ga macijin, dalilin zuwansa ne ake magana. Duk wanda ya tara tukwane a lungu ya rinƙa share ƙarƙashinsu, ko da na'a-na'a ya shuka.

Maman_Ilham: Ni kuma surukata ce take cewa shukar da ba ta buɗewa sai tsakar dare ba ta yarda da ita ba, na rasa amsar da zan ba ta

Dr_Hauwa_agric: Ki ce wa Hajiya akwai hikima a ciki. A dajin da ta fito wani irin malam-buɗe-littafi ne na dare mai dogon baki yake shan ruwan zaƙin da ke can ƙasan wuyan furen, yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Shi da dare yake yawo, shi ya sa furen fari ne don ya gan shi a duhu, ƙamshin kuma kiransa ne daga nesa. Wuyan da furen gaba ɗaya yana kaiwa santimita 30, ƙwaro mai gajeren baki ba zai kai ga zaƙin ba. Ko a gonakinmu ai furen duma da yamma yake buɗewa kuma fari ne, ba wanda ya taɓa zarginsa.

Hajiya_Rabi_Sakkwato: Wannan gaskiya ne, duma kam da marece yake buɗe farin furensa, mun tashi muna gani.

Mubarak_Bangalore: Ina karatu a Indiya, nan abin ya yi yawa a barandar mutane. Brahma Kamal suke ce mata, in za ta buɗe har maƙota ake kira a zauna jira ana ɗaukar hoto. Amma wani malaminmu ya ce sunan aro ne, asalin Brahma Kamal wata shuka ce daban ta kan duwatsun Himalaya. 'Yan Kerala kuma Nishagandhi suke cewa. Abin da na lura shi ne ba sa wahalar da kansu, a ƙaramar tukunya take a lungun baranda shekara da shekaru, ruwa in an tuna, kuma ta yi ta fure bakwai takwas a dare ɗaya. Yanayin garin ne ya karɓe ta, babu zafi sosai.

Nafisa_Guangzhou: Nan Chana tan hua suke kiranta, har karin magana suke da ita a kan abin da ya bayyana ya ɓace nan da nan. A Indonesiya kuma wata ƙawata ta ce wijayakusuma. Ko'ina an ba ta suna kamar tasu ce alhali baƙuwa ce daga Meksiko.

Garba_Fulawa: Mu dawo kan matsalar baiwar Allah nan. Ni sana'ata kenan shekara goma sha, kuma ban yarda da maganar a hana ta taki ba da wasu ke yi. NPK 15-15-15 nake ba nawa, rabin ƙaramin cokali a narka a ruwa lita huɗu, sau ɗaya a wata lokacin damina, kuma suna fure lafiya lau. Yunwa ma tana hana fure.

Malam_Danladi_Jos: Malam Garba ba wanda ya ce a hana ta, yawan ne matsala. Rabin cokali a lita huɗu ai ka tsarma shi sosai, wannan daidai ne. Abin da na gani da idona shi ne masu zuba yuriya ko ɗanyen kashin kaji, sai ta yi ta fitar da rassa kore shar dogaye ana murna, shekara ta zagayo ba fure. Ni da kaina na yi wannan kuskuren a tukunyata ta farko. Kuma bokitin Maman Ilham ya yi mata girma, ita ta fi son saiwarta ta cika tukunya ta matse, in wuri ya yi yawa ƙasar da saiwa ba ta kai ba sai ta zauna a jiƙe ta yi tsami.

Garba_Fulawa: A nan kam ban bi ka duka ba. Ina da wata a rabin durom, ta fi duk sauran fure. In haɗin ƙasar yana zubar da ruwa girman tukunya ba ya hana komai, tsufan shukar ne magana.

Malam_Danladi_Jos: Shekararta nawa a durom ɗin?

Garba_Fulawa: Takwas ko tara

Malam_Danladi_Jos: Toh ai ta riga ta cika shi da saiwa, maganarmu ɗaya ce. Reshe ɗaya ne bai kamata a fara shi a durom ba.

Maman_Ilham: Dan Allah ku gaya min abin da zan yi da hannuna gobe, a wace ƙasa zan mayar da ita? Ni ban san inda ake sayar da irin ƙasar da nake gani a bidiyo ba.

Garba_Fulawa: Hajiya ba ki buƙatar sayen komai daga waje. Ki kwantar da bokitin ki zaro ta a hankali, ki kakkaɓe jar ƙasar duka. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa kuma da ƙarfi, wadda ta yi baƙi tana saɓulewa tana wari ki yanke da reza sabuwa. Gindin da ya yi laushi ki yi ta yankowa sama har sai kin ga ciki kore tsaf babu ɗigon ruwan ƙasa, ko da hakan na nufin babu saiwar da ta rage, kar ki ji tausayi ki bar ruɓaɓɓe don zai ci gaba da hawa. Ki barbaɗa garin gawayi a wurin yankan ki ajiye a inuwa a kan kwali kamar sati ɗaya har bakin ya bushe ya yi ɓawo. Haɗin ƙasa kuma, ni abin da nake yi, ruɓaɓɓen ganye na ƙarƙashin bishiya wanda ya zama baƙi, da gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, da yashin rafi mai tsakuwa, da ɓawon kwakwa a yayyanka a jiƙa shi kwana biyu ana zubar da ruwan, kowanne kusan daidai da ɗan'uwansa. Takin shanu in ya shekara ya zama gari ki sa hannu ɗaya kawai. Gwajin shi ne ki zuba ruwa, in ya fita ta ƙasa kafin ki ƙirga goma haɗin ya yi. Tukunyar ƙasa madaidaiciya mai babban huji, ki ɗora kan bulo kar ta taɓa ƙasa don gara tana son ɓawon kwakwan nan kamar me.

UmmuAffan: Maganar gara gaskiya ce, ta taɓa cinye min rabin haɗin ban sani ba sai da na ga tukunyar ta yi sauƙi

Dr_Hauwa_agric: Ƙari a kan na Malam Garba, tunda abin tunawa ne a wurinki kar ki dogara da uwar kaɗai. Ki yanki faffaɗan rassa biyu ko uku masu lafiya, tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, su ma ki busar da bakinsu, ki dasa kowanne daban zurfin gaɓar yatsa biyu. Ki kula da inda yake ƙasa da inda yake sama kar ki juya shi. Kada ki ba su ruwa sai bayan sati, daga nan ɗan kaɗan. Cikin sati huɗu zuwa shida in kin ɗan ja kika ji ya riƙe to saiwa ta fito. Amma ki sani wanda aka fara daga reshe yana iya ɗaukar shekara biyu uku kafin fure, sai haƙuri.

Zee_Bauchi: Ni a ruwa na ga wata ta sa a kwalba ya yi saiwa, wanne ya fi?

Abba_Lambu: Yana yi a ruwan amma da yawa suna ruɓewa in zafi ya yi, kuma in ka mayar ƙasa sai ya sake wahala. Ni na fi yarda da busarwa a dasa.

Alhassan_Kumasi: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ruwa ne matsalarmu ba rana ba, dole ka sa ta ƙarƙashin rumfa in ba haka ba ruwan sama ya ruɓar da ita. Sai dodon koɗi, dare ɗaya ya huda maka sabon reshe kamar rariya. Da tocila nake fita in tsince su. Akwai kuma wannan farin ƙwaron mai kama da auduga da yake maƙalewa a lungunan gefe.

Hajiya_Rabi_Sakkwato: Farin nan mu ma muna da shi. Auduga nake tsomawa a sifirit in goge su ɗaya bayan ɗaya, ko ruwan sabulu kaɗan da ruwan ganyen dogon yaro da yamma. In kun ga tururuwa na hawa da sauka ku duba da kyau, su ke kiwonsu. Amma babban abokin gaba a gidana akuya ce, ta taɓa cinye mini reshe huɗu har da mai ƙulli a jiki, ranar ban iya cin abinci ba.

sadiq_gwale: Wai ita ce take haifar ɗan itacen nan dragon fruit da ake sayarwa da tsada a manyan shaguna?

Dr_Hauwa_agric: 'Yan uwa ne amma ba ita ba ce. Mai dragon fruit jikinta kusurwa uku ne da 'yan ƙayoyi, tana hawa ginshiƙi, ta fi jure rana, ita ma furenta fari ne babba kuma da dare yake buɗewa. Sarauniyar dare tana iya yin ɗa ja-ja dogo amma da wuya ka gani a gida, galibi sai an samu garin fure daga wata shukar da ba daga uwa ɗaya aka yanko su ba, mu kuma yawancin namu reshe ne ake ta raba wa juna.

Aisha_Zariya: Ku taya ni jimami, bana tawa ta yi ƙulli biyar karo na farko, murna ta sa na ɗauke ta daga bayan ɗaki na kawo baranda don baƙi su gani, cikin kwana huɗu duka biyar suka yi ja suka zube ɗaya bayan ɗaya. Har kuka na yi.

Malam_Danladi_Jos: Sannu Aisha. In ta ɗauki ƙulli ba a canja mata wuri, ko juya tukunyar ba na yi, kuma kar a bari ta bushe ƙarƙaf a lokacin. Amma ko ba a taɓa ta ba takan zubar da wasu in sun fi ƙarfinta.

UmmuAffan: Ni fa na ɗauko tawa zuwa tsakar gida kuma ba abin da ya faru, amma a ranar da za ta buɗe ne da yamma. Ina ganin ƙananan ne ba sa son motsi.

Aisha_Zariya: Nawa ba su kai tsawon yatsa ba lokacin. Allah ya kai mu baɗi

Maman_Ilham: Jama'a na dawo da rahoto. Na zaro ta jiya, wlh warin da ya taso daga ƙasan bokitin kamar kwata, ƙasar ta dunƙule ta yi baƙi, hujin biyun duk sun toshe. Saiwar kusan duka ta tafi sai 'yan zarurruka a gefe ɗaya. Na yanke gindin sau uku kafin na ga kore kamar yadda Malam Garba ya ce, hannuna har rawa yake. Na samu rassa huɗu masu kyau na jera su a kan kwali a ƙarƙashin gado inda yara ba za su gani ba, uwar kuma tana zaure. Dogon reshen nan mai kama da fensir shi ne ban san yadda zan yi da shi ba, in yanke ko in bari? Sannan ga hunturu na tafe, ya ake ba ta ruwa lokacin?

Garba_Fulawa: Ki rage shi rabi, saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da shi ba.

Malam_Danladi_Jos: Ni da zan bar shi, daga jikin irinsa faffaɗan suke fitowa kuma ajiyar ruwa ne gare ta yanzu da ba ta da saiwa, sai dai a kafa masa sanda. Hunturu kuma hutunta ne, ki rage ruwa sosai, sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe har gaɓa biyu, taki kuma babu sam har zafi ya fara. Wannan sanyin da ɗan ƙishin yana taimaka mata ta ɗauki fure daga baya. Mu nan Jos in sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10 nakan shigar da su cikin baranda, ku Kaduna iskar ce kawai za ki kare ta daga ita, ki rinƙa goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Garba_Fulawa: Toh Hajiya kin ji ra'ayi biyu. In kin yanke ma rabin da kika cire kar ki yar, ki busar ki dasa, yana kamawa.

Zee_Bauchi: Har yanzu ba wanda ya gaya min inda zan samu iri fa. Malam Danladi ƙanena yana zuwa Jos ƙarshen wata, ko za a taimaka min da reshe ɗaya?

Malam_Danladi_Jos: Ki yi min magana ta gefe, zan yanka tun yanzu ya bushe kafin ya zo. Ki ce masa ya naɗe a takarda, kar ya sa a leda.